Kwano Mai Jan Ɗigo

Gidan abincinmu yana bayan tashar mota ta Agadas, inda kamyoyi, manyan motocin nan masu zuwa Damagaram da masu haurawa arewa suke ɗaukar kaya. Innata ce ta fara shi da tukunya biyu da rumfar tabarma. Ni kuma na gaje shi yana ɗaki guda na ƙasa, da tabur huɗu da dogayen kujeru. Shinkafa da miya muke yi, da tuwo, ranar Juma'a kuma kuskus da naman rago. Na gaji hannun Inna a miya, na gaji bakinta kuma, wanda ya fi miyar yaji. Masu ci a wurina sun san halina. Wanda ya ce gishiri ya yi kaɗan, nakan nuna masa hanyar Bilma, inda ake haƙo shi.

Abu na uku da na gada shi ne wani kwano. Fari ne na ƙarfe, mai shuɗin baki, ya sha duniya har ya lotse ta gefe ɗaya. Ba a kife shi tare da sauran kwanuka. Yana da ƙusarsa daban a bayan ƙofar kicin ɗinmu, wato ɗan ɗakin girki, yana da sosonsa daban, ruwan wankinsa ma daban ake ɗiba. A gindinsa akwai ɗigon jan farce. Matan garinmu duk suna yi wa kwanukansu irin wannan alama don kada su ɓace a gidan biki, shi ya sa ina yarinya ban ga wani abu a ciki ba. Ni ce ma nake sabunta ɗigon idan ya koɗe, tun ina ƴar shekara goma. Har murna nake idan Inna ta sa ni, domin abin da ya rage a jikin tsinken nakan shafa a ƙaramin yatsana.

Kwanon na Baba mai gadi ne. Kuturta ta kama shi tun yana saurayi, ta cinye masa yatsu, ta bar masa manyan biyu da guntaye. Ba ya bara, kuma bai taɓa yi ba. Gadin kayan matafiya yake yi a tasha. Mai zuwa Segedin ko gaba da nan, idan motarsa ba ta tashi ba, sai ya jibge masa buhuna da jarkokin ruwa ya shiga gari hankali kwance. Ba a taɓa jin ko allura ta ɓace a hannunsa ba. Yana da cokalinsa da wani baduku ya yi wa maɗaurin fata, yakan zura dungunsa a ciki ya ja da haƙori ya ɗaure. Kullum da azahar zai zo ya yi sallama, ya zauna kan wani faffaɗan dutse da ke bakin ƙofarmu ta waje, a miƙa masa kwanonsa. Yana biya kamar kowa, sai dai ba a karɓa hannu da hannu, a gwangwani yake jefawa.

Kada wani ya ɗauka Inna muguwa ce. Allah ya ji ƙanta, idan za ta zuba wa Baba, sai ta tsoma ludayi har ƙasan tukunya ta nemo masa tsoka. Akwai ma wasu shekaru da ba ya ci a bakin ƙofar. Sai ya ɗaure kwanon a mayani ya tafi da shi, da la'asar ya dawo da shi a wanke. A shekarun nan Inna takan cika masa shi har ya yi tozo. Na taɓa yi mata ƙorafi cewa abin ya yi yawa ga mutum ɗaya, ta ce in kama bakina in ci gaba da yankan albasa. Amma ko sau ɗaya ba ta ce masa ya shigo ba, shi ma bai taɓa nema ba.

Da Inna ta rasu na ci gaba da komai yadda na tarar. Wallahi ban taɓa zama na yi tunanin kwanon nan ba. Ina jin sallamarsa hannuna zai kai bayan ƙofa, ko kallo ba na yi.

Wata Litinin, shekarun baya kaɗan, ya gama cin abinci bai tashi ba. Jama'a sun watse, saura mutum ɗaya a tabur ɗin lungu. Na fito zubar da ruwa sai ya ce, "Ɗiyata, ina da magana in kin samu sarari."

Na aje bokiti na tsaya. Na san yana da ɗa namiji, amma sama-sama. Uwar yaron ta rasu da wuri, daga baya kawunsa ya ɗauke shi zuwa Adarbisinat ya sa shi lakwal, makarantar boko. Ban taɓa ganinsa ba. Baba ya ce yaron ya gama karatu, ya samu aiki a Anu Araren, inda ake ƙona gawayin ƙasa a yi kuran, wato wutar lantarki. Ya karɓi albashinsa na farko, ya kira waya ya ce ranar Juma'a zai zo. Bayan an sauko daga masallaci yana son ya kai ubansa cin abinci, kuma ba ko'ina ba sai wurin nan da uban yake yawan ba shi labari.

"Na sha gaya masa a nan nake ci, tare da manyan masu mota," in ji Baba. "Ban yi ƙarya ba, ɗiyata, a nan nake ci. Sai dai ban gaya masa ta wane gefen ƙofa ba."

Ya zura hannu cikin riga ya fito da ƴar jakar fata irin ta laya. Ya daɗe yana fama kafin ya zaro wata takarda da ta yi laushi don tsufa. Ta likita ce, mai nuna ya sha magani ya gama, ya warke tun ina goye. Ya miƙo mini, ban karɓa ba, na leƙa daga tsaye.

"Rana ɗaya tak," ya ce. "Ki bar ni in zauna ciki, a zuba mini a irin abin da ake zuba wa mutane. Asabar in dawo kan dutsena."

Abin da na ce masa har yau yana cina. Na ce Juma'a ce ranar cikowa, kuma ya san halin masu mota, idan suka tashi ba za su dawo ba. Na ce in yana so in shimfiɗa musu sabuwar tabarma a bayan kicin, in kai musu da kaina. Ko kuma su zo da la'asar lokacin da ba kowa. Ina faɗa ina jin kaina mai kirki, har da cewa zan ƙara musu nama.

Bai yi musu ba. Ya shiga naɗe takardar, da waɗannan hannuwan nasa, ninki bayan ninki. Ina tsaye ban taya shi ba. Da ya gama ya ce, "Ba komai. Allah ya yi albarka." Ya tafi.

Mutumin da ke tabur ɗin lungu tsohon magatakardan kotu ne da ya yi ritaya, muna ce masa Girefiye. Kullum a wurina yake ci tun da matarsa ta rasu, kullum kuma sai ya ce mai ya yi yawa. Ina shiga ya cire tabarau ya ce, "Madam, kin san abin da kika yi yanzu doka ta hana?"

Raina dama a dagule yake, sai na sauke a kansa. Na ce wace doka? Uwata ce ta gina wurin nan da guminta, ni nake tashi da asuba in hura wuta, ba gwamnati ba. Wurina ne, wanda na ga dama shi zan ba kujera.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Ɗakin kwananki naki ne. Can in kin hana ni shiga ba mai ce miki uffan. Amma me aka rubuta a allon ƙofarki?"

Na sani sarai. Inna ce ta sa aka rubuta, da Hausa da Faransanci: maraba da kowa.

"Ranar da kika buɗe ƙofa kika ce jama'a su zo su saya, kika je kika biya fatanti, harajin sana'a, a ma'aikatar magajin gari, wurin ya daina zama ɗakin kwananki," ya ce. "Kina iya korar mashayi. Kina iya korar mai neman faɗa, ko mai zagin mutane. Wannan abin da mutum ya aikata ne. Amma ba ki da ikon ware mutum don ƙabilarsa, ko asalinsa, ko addininsa, ko wata naƙasa da Allah ya ɗora masa. Ba ga buron gwamnati da ma'aikatansa kaɗai aka yi dokar ba. Ta hau kan mai kanti, ta hau kan mai motar haya, ta hau kanki."

Na ce, "To a duk zamanka a kotu, wa ka taɓa gani an kai ƙara a kan kwano?"

"Ban taɓa gani ba," ya ce. "Waɗanda ake yi wa ba su san suna da wannan haƙƙin ba. Waɗanda suka sani kuma ba su ake yi wa ba."

"Kai fa, Malam? Ka sani. Shekara nawa kana tsallake ƙafarsa kana shigowa nan kana yi mini ƙorafin mai? Yau ne dokar ta faɗo maka?"

Na zaci zai kare kansa. Sai ya mai da tabarau, ya dubi abincinsa, ya ce, "Wannan gaskiya ne. Ban taɓa cewa komai ba." Ban saba cin gardama da sauƙi haka ba, kuma ban ji daɗin cin wannan ba ko kaɗan.

Talata Baba bai zo ba. Laraba ma haka. Duk shigar da zan yi kicin sai idona ya kai ga kwanon yana rataye. Tun da nake ban taɓa ganinsa a bushe da azahar ba. Na ƙona shinkafa ranar Laraba, abin da ban yi ba tun ina budurwa. Da la'asar na rufe wurin na tafi likita, asibitin unguwarmu, wajen majo, wato babban mai jinya, wanda muka yi lakwal tare. Na tambaye shi a kaikaice, wai wata ce ta aiko ni. Ya yi dariya ya ce in gaya wa matar cewa wanda ya sha maganin nan ya gama ba ya sa wa kowa, ko a kwano ko a gaisuwa. Ya ce in ma tsoro ne, ta fi dacewa ta ji tsoron mai tari da ke zaune tsakiyar tabur ɗinta.

Ba zan yi ƙarya in ce tsoron kotu ne ya juya ni ba, don na san Baba ba zai kai ni ko'ina ba. Ba kuma maganar majo kaɗai ba ce, domin can cikin raina na daɗe da sanin haka. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda Girefiye ya raba abin gida biyu, abin da mutum ya yi da abin da aka halicce shi da shi. Na zauna ina lissafa mutanen da na bari suka ci a tabur ɗina. Akwai wanda ya taɓa fasa mini tulu cikin maye. Akwai wanda kowa ya san abin da yake ɗauka a ƙarƙashin kayan motarsa. Duk sun zauna. Mutum ɗaya da bai taɓa yi mini komai ba sai sallama da addu'a, shi ne a waje. Na ji kunya, irin wadda ke hana mutum haɗa ido da kansa a madubi.

Alhamis da safe na shiga tasha. Na same shi zaune tsakanin buhunan dabino yana jiƙa busasshen burodi a shayi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, gobe ka zo da ɗanka. Tabur na tsakiya."

Bai yi murna ba. Ya dube ni ya ce, "Masu motarki fa?"

Na ce, "Ni na haife su? Su ci ko su bari."

Na dawo na wanke asiti biyu masu furanni, irin farantan da nake aje wa manyan baƙi, na kife su daban. Na ce a raina zan sauke kwanon nan daga ƙusa in jefa shi ƙarƙashin gado. Sai mai nama ya zo, mai itace ya zo, aiki ya sha kaina, na manta.

Juma'a ana saukowa daga masallaci wuri ya cika maƙil. Ina tsakanin tukwane da tabur, gumi har cikin ido, sai na ji sallamarsa. Ya sa shuɗiyar riga wankakkiya, ya naɗa rawani fari. A gefensa wani dogon saurayi ne mai kama da shi sak ta goshi, yana riƙe da gwiwar hannunsa. Baba ya zo daidai dokin ƙofa ya tsaya. Fiye da shekara talatin yana zuwa wurin nan, ƙafarsa ba ta taɓa ƙetare wannan katakon ba. Na ce da ƙarfi, "Baba, sannu da zuwa, ga wurinku nan." Ya ɗaga ƙafa ya shigo, suka zauna a tabur na tsakiya. Hayaniyar ɗakin ta ragu, cokula suka daina ƙara.

Na shiga kicin da sauri. Na zuba wa saurayin kuskus a asiti mai furanni, na jera nama. Sannan na zuba na Baba, na tsoma ludayi har ƙasa na nemo masa tsoka yadda Inna take yi. Na fito da ɗaya a kowane hannu, ina murmushi, na dire a gabansu. Sai da na ji ƙarar ƙarfe a kan tabur na duba. Farin kwanon ne, mai shuɗin baki. Hannuna ya kai bayan ƙofa da kansa, kamar kullum, asiti na biyu yana can a kife.

A tabur na kusa akwai wani shofer, direban babbar mota mai bin hanyar Kawar, ƙaton mutum mai murya, wanda ya fi shekara goma yana ci a wurina. Tun shigowarsu yake hura hanci. Ya yi dariya ya ce yadda kowa zai ji, "To madalla, an dai kawo masa kwanonsa. Saura a mai da shi kan dutsensa mu ci abinci cikin kwanciyar hankali."

Baba yana cikin ɗaura cokali, maɗaurin yana bakinsa. Ya sake shi. Ya sunkuyar da kai yana kallon tabur. Ni kuwa, mai bakin da duk tasha ke tsoro, na rasa kalma ɗaya. Abin da ya roƙe ni ke nan, abu guda, kuma da hannuna na ɓata shi.

Saurayin bai ko dubi shofer ɗin ba. Ya sa hannu biyu ya jawo kwanon gabansa, ya shafa lotsattsen gefen da yatsa, ya ɗago ya ce mini, "Tanti, ashe har yanzu yana nan." Sannan ya tura asitin gaban ubansa. "Baba, yau ka bar mini shi. Kai ka ci a sabon."

Ya yi bisimilla ya kai loma. Ya ce, "Miyar ma ba ta sauya ba. A kwanon nan na girma, Tanti. Kafin a kai ni Adarbisinat, kullum Baba yakan kawo mini shi ɗaure a mayani, ya ce shi ya riga ya ƙoshi a can, in cinye." Ya miƙa hannu ya ɗaure wa uban cokalin, ya ja maɗaurin daidai, da alama ba yau ya fara ba.

A nan na gane shekarun da kwanon ke tafiya ya dawo a wanke, na gane tozon da Inna take yi masa. Ta sani, ba ta gaya wa kowa ba. Idona ya kawo ruwa, bakina kuma ya dawo.

Na juya wajen shofer ɗin na ce, "Alhaji, ka gama? Ɗauki rawaninka. Abincin na yafe maka." Ya ce wai shi nake kora saboda kuturu. Na ce, "Saboda bakinka nake korarka. Wannan da kake gani shi ke gadin kayanka in ka shiga gari, ba ka taɓa ƙyamar barcin da kake yi hankali kwance ba." Na dubi sauran na ce wanda zai ci ya ci, wanda kuma ba zai iya ba, ƙofa a buɗe take. Shofer ɗin ya tashi yana zage-zage, mutum biyu suka bi shi. Sauran suka yi ta kallon juna, sannan wani ya ci gaba da cin abincinsa, cokula suka dawo da ƙara.

Girefiye ya taso daga lungunsa da asitinsa a hannu, ya ce ko akwai wuri. Ya zauna kusa da Baba kafaɗa da kafaɗa, ya gaishe shi, sannan ya tsare saurayin da tambaya, wai shi har yau bai gane yadda baƙin dutse ke zama haske a cikin kwalba ba. Saurayin ya shiga bayani yana zane da yatsa a kan tabur. Baba ya fara ci a hankali. Can na ga ya ɗago kai yana duban mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya, yana son ya ga ko suna jin abin da ɗansa ke faɗi. Suna ji kuwa.

Da suka gama, saurayin ya biyo ni bayan kicin wanke hannu, kwanon yana hannunsa. Ya ce yana roƙon in ba shi. Na ce ya ɗauka, na fara ba shi haƙuri ina in-ina. Ya kife kwanon ya nuna mini ɗigon.

"Ina ƙarami na tambaye shi wannan na mene ne," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Ya ce alamar girma ce, don kada a haɗa kwanonsa da na ƙananan mutane. Na yarda har na shiga kolej. Daga baya na gane. Dutsen ma na san shi, na taɓa zuwa hutu na hango Baba a kansa daga nesa na koma."

Na ce, "To me ya sa ka ce nan za ku zo?"

"Don ya zauna ciki ko sau ɗaya. Na karanta abin da doka ta ce, Tanti. Da an hana shi kujera yau, da na kai maganar inda ya kamata, ko da ba a taɓa yi ba. Amma da na yi haka, da ya san na sani. Shi ne abin da nake ta tsoro a hanya." Ya ɗauraye kwanon da kansa, ya ce, "Don Allah kada ki gaya masa."

Na ce ba zan gaya masa ba. Ban kuma gaya wa saurayin cewa ni ce mai ɗiga jan farcen ba.

Bayan sun tafi Girefiye ya tsaya a ƙofa ya ce, "Madam, korar da kika yi yau kam doka ba ta da magana a kanta." Na ce ya tafi gida kafin in haɗa da shi. Shofer ɗin ya yi kusan wata ɗaya yana ci a wani wuri, sannan wata rana na gan shi ya shigo ya zauna can nesa yana kallon bango. Na zuba masa kamar kullum. A layinmu akwai masu abinci da har yanzu suke da irin wannan kwano a bayan ƙofa. Duk wadda muka haɗu wajen mai nama sai na yi mata karatun Girefiye, da nawa ƙarin. Wasu suna cewa na cika surutu, amma biyu sun sauke nasu.

Asabar, washegarin waccan Juma'ar, da azahar na ji sallama. Na jira ya shigo, shiru. Na leƙa sai ga shi kan dutse, cikin tsohuwar rigarsa ta aiki, cokali a cinya.

Na ce, "Baba, me kake yi a nan?"

"Ai rana ɗaya muka yi da ke."

"Kai ka ce rana ɗaya. Ni ban ce ba."

Ya karkata kai yana leƙen bayan ƙofar kicin. Da safe na riga na zare ƙusar, sai ɗan rami a bango. Ya ce, "Ina kwanona?"

"Ɗanka ya roƙa, na ba shi. Yana can Anu Araren."

Ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa, ya goge ido da bayan hannu. "Yaron nan ke nan. Me zai yi da tsohon kwano?" Sannan ya matso, ya rage murya kamar mai ba da sirri. "Jiya fa na tsorata, ɗiyata. Amma kin gani, bai gane komai ba."

Na ce, "Bai gane ba, Baba. Tashi mu shiga, abinci na hucewa."

Na miƙa masa hannu. Ya dubi hannun, ya dube ni, sannan ya ɗora nasa a kai ya miƙe.